Buhun Rimot na Abla Ɗaffi

Duk wanda ya san Gwaggo Hansatu ya san ba da ido take shiga ɗaki ba, da kunne take shiga. Za ta tsaya a bakin ƙofa, ta karkata kai gefe ɗaya, ta ɗaga yatsa sama, kowa ya haɗiye maganarsa. In ta jiyo ƙugin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a inda babu mutum, to an shiga uku. "Wa ake sanyaya wa a nan? Aljanu? Su suka biya kuɗin wutar?" Sai ta zura hannu cikin buhunta, ta zaro rimot, ta nuna na'urar kamar mai harbin ɓarawo. Ƙit! Shiru.

Buhun nan kun san shi. Tsohon buhun shinkafa ne mai zif, ta ɗinka masa hannu da guntun yadin da ta tsinto a shagon Baba. A cikinsa akwai rimot ashirin da uku, na kowane aji da kowane ofis a makarantarmu, kowanne ta rubuta masa lambarsa da jan farce. Da shi take zuwa aiki, da shi take komawa gida, da shi take zuwa suna da biki. Ranar bikin Yaya Sadiya ta kashe fitilun barandar ɗakin biki gaba ɗaya, wai babu kowa a wurin, har ango ya zo shiga wajen amarya ya tsinci kansa a kicin tsakanin tukwane. Ita ta ce ƙarya nake yi, fitila biyu kawai ta kashe. To, ango dai ya fito yana ƙamshin albasa, ku tambaye shi.

Ga wanda bai san mu ba: Gwaggo yayar Babana ce. A nan Jidda aka haife su, kakansu ne ya zo aikin hajji ya zauna. Shekara ashirin da shida tana riƙe da sito da rasit na makarantar gwamnati ta 'yan mata da nake yi a Kurayyat. A takarda sunanta Abla Hafsa, don a nan Abla ake ce wa duk macen da ke aiki a makaranta. A bakin ɗalibai kuwa Abla Ɗaffi ce, don da Larabcin nan "ɗaffi" shi ne "kashe", kuma ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinta bayan salati. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Inna take ce mini, ko a tsakiyar makaranta. Ku dubi yarinya 'yar shekara sha shida ana ƙwala mata "Inna!" a gaban ƙawayenta.

Yau sati bakwai da rasuwarta. Akwai abin da na yi, ita ta ɗauki laifin, ta sa hannu a takarda cewa ita ce ta yi sakaci, kuma takardar tana nan cikin fayil ɗinta ranar da aka fita da ita daga gidanmu. Zan zo kansa. Ku bar ni in fara da abin dariya, don in na fara da wancan ba zan kai ƙarshe ba.

Kowace shekara idara, wato ofishin da ke kula da makarantun shiyyarmu, tana ba kowace makaranta kasonta na kuɗin gudanarwa: takarda, sabulu, alƙalamin allo, gyaran famfo da sauransu. Mudira, shugabarmu Abla Munira, ita ke sa hannu. Amma kowa ya san kuɗin nan ba ya motsi sai Gwaggo ta yi tari. In aka ce mata ai kuɗin gwamnati ne, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"Gwamnati tana da bishiyar riyal a bayan gida ne? Kuɗin Hajiya Tabawa ne!"

Hajiya Tabawa tsohuwa ce a layinmu, tana soya gyaɗa tana ƙullawa a leda. Ba ta da ɗa ko jika a makarantarmu, ba ta ma taɓa leƙa ƙofar ba. Amma kullum da safe tana sayen robar laban ɗaya, wato nono, a baƙala, kantin unguwa, kuma a kan kowace roba akwai dariba, harajin da ake ɗorawa a kan saye. Wannan ya ishi Gwaggo hujja. Yarinya ta bar famfo yana ɗiga: "Me zan ce wa Hajiya Tabawa?" Malama ta buga takarda fuska ɗaya ta bar bayan fari: "Kin san gyaɗa nawa aka soya kafin a sayi wannan?" Akwai 'yan ajinmu Larabawa da suka gama makaranta suna zaton Hajiya Tabawa wata babba ce a idara. Wata ta taɓa tambayata ko tana zuwa da direba.

Dokar sitonta ɗaya ce, kuma ko mudira ba ta tsallake ta: ba a ba ki sabo sai kin kawo gawar tsohon. Ƙwan fitila ya mutu, kawo gawa. Tsintsiya ta ƙare, kawo gawa. Akwai kanta guda a ƙuryar sito da take kira maƙabarta, kuma wallahi a maƙabartar nan ake tashin matattu. Kujera uku masu karyayyun ƙafafu su shiga, biyu lafiyayyu su fito.

Na tuna wata sabuwar malamar lissafi, Abla Rim, da ta zo a satinta na farko da alƙalamin allo a hannu, tana taku ɗai-ɗai. Ina sito a lokacin, an sa ni jera littattafai saboda na yi surutu a layi.

"Ya Abla Hafsa, wannan ya mutu. Halas, ya ƙare."

Gwaggo ta karɓa, ta cire murfin, ta shinshina, ta girgiza shi a kunnenta kamar likita, sannan ta goga a tayil ɗin bango. Wani ɗan siririn layi ya fito, wanda sai mai imani zai gani.

"Wannan suma ya yi, bai mutu ba. Ki dawo gobe."

"Gobe? Da me zan koyar yau?"

"Ga ɗan'uwansa, jiya ya farfaɗo. Ki bi shi a hankali, bai gama warwarewa ba."

Ta kifa na Abla Rim kai ƙasa a cikin kofi, ta ɗiga masa wani ruwa daga 'yar kwalba. Washegari alƙalamin nan ya yi rubutu, ya ƙara sati biyu a duniya. Abla Rim ta ce tun da take ba ta taɓa jin kunyar alƙalami ba sai ranar.

Kada ku ce rowa ce. Da aka ce allon ajinmu ya dushe 'yan baya ba sa gani, a satin ta sa aka kawo sabo, mai kyau, ba ta nemi ragi a kan ingancinsa ba. Sabulun banɗaki bai taɓa yankewa ba. Cewa take yi, "Ni ban hana a ci ba, zubarwa na hana."

Babban yaƙinta kuwa a ƙarshen shekara yake. In kuɗi ya ragu a kason makaranta, wasu kan yi sauri su kashe shi kafin a rufe lissafi, don tsoron kada a ce ba sa buƙata a rage musu na baɗi. Wata shekara ragowar tamu ta yi kauri, sai mudira ta kira Gwaggo ofis. Ni ina bakin ƙofa ina jiran a hukunta ni a kan wani lamari daban, don haka na ji komai.

"Ya Hafsa, mu sayi labule mai nauyi da darduma ja a mashiga. In baƙi sun zo su ga makaranta."

"Baƙi karatu suke zuwa gani ko gidan amarya?"

"In muka mayar, baɗi za su rage mana."

"In sun rage, sun gano cikinmu ke nan. Wanda ya ƙoshi da faranti ɗaya me zai yi da biyu?"

"Haba Hafsa, ko ɗan labule?"

"Ya mudira, in kina son labule ƙanina yana sayar da yadi a Bab Makka, zai yi miki ragi. Da kuɗinki."

Aka mayar da kuɗin. Bayan wata biyu muka ji idara ta haɗa ragowar makarantu ta sa injin ruwan sanyi a wata firamare a Ammariyya, inda yara ke shan ruwa mai zafi kamar shayi. Ranar Asabar Gwaggo ta sa Baba a gaba sai ya kai ta. Baba ya ce, "Yaya, makaranta a rufe take, kuma man da zan ƙona ya fi ruwan tsada." Ta ce, "Man naka ne, ba na Hajiya Tabawa ba. Yalla, mu tafi." Muka je, ta roƙi mai gadi ya buɗe, ta ciro kofinta daga buhu, ta tara, ta zauna a kan dakali ta sha a hankali, ido a lumshe. Da ta gama ta dube ni.

"Inna, sha. Labulen mudira ne."

To, yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Gwaggo ba ta yarda mukayyif ya sauka ƙasa da ashirin da huɗu. Mu arba'in ne a aji, a hawa na biyu, rana tana dukan bangonmu tun safe. Ashirin da huɗu a wurinmu kamar mutum ya hura miki iska da baki ne. Wata rana na je shagon Baba a Bab Makka, sai na ga mai kayan lantarki na kusa da shi yana sayar da wani rimot da ke juya kowace irin na'ura. Riyal sha biyar. Na saya da kuɗin tarata.

Jama'a, na zama sarauniya. Gwaggo tana fita, in mayar da shi sha shida. 'Yan aji suna kawo mini cakulan. Muka sa mai zama kusa da taga ta riƙa sauraron takalmin Gwaggo, da an ji tas-tas a matakala in mayar da ashirin da huɗu in cusa rimot a safa. Ta shigo, ta tsaya, sanyi ya doke ta. Ta dubi lambar, ta dube mu, mu kuma mun duƙufa kan littafi kamar waliyyai. Ta juya ta fita. Na ɗauka na fi ta wayo.

Ranar ƙarshe kafin hutun ƙaramar sallah ta bara, ana azumi, an tashi kowa ya watse. Gwaggo ta gama zagayenta ta kashe komai, ta ce in jira ta a ɗakin taro na hawa na uku, inda akwai kafet, har ta rufe sito. Na hau. Ɗakin kamar tanda. Na kunna na'ura uku da ke ciki, duka a sha shida, na miƙe a kafet, barci ya kwashe ni. Hon ɗin Baba ne ya tashe ni, da muryarta daga ƙasa: "Inna! Yalla!" Na zabura, na ja ƙofa, na sauko a guje.

Da dabino a bakina na tuna, a wajen buɗa baki, a ranar. Gwaggo tana zaune a gabana, makullan makaranta suna cikin buhunta a jingine da bango. Kalma ɗaya ta isa. Da Baba ya kai ta, minti goma, shi ke nan. Amma sai ta tambayi da me na kunna. Na haɗiye dabinon, na yi shiru. Washegari ya fi wuya, jibi ya fi gobe. Kwana goma sha shida na yi ina shiru. Na sa kayan sallah, na karɓi barka da sallah, har daga hannunta.

Da aka koma, ruwa ya bi bangon ɗakin taro har ƙasa, kafet yana wari, na'ura ɗaya injinta ya ƙone. Bayan sati uku fatura, takardar kuɗin wuta, ta zo daga idara an ja mata jan layi. Mudira ta ce a tara ɗalibai a binciki jakar kowa, kuma duk wadda aka kama ta bar makarantar. Ina tsaye a layi, rimot yana cikin safata. Sai Gwaggo ta fito daga sito.

"Ba za a taɓa jakar kowa ba. Makulli a hannuna yake. Ni na manta."

"Ke, Hafsa? Ke?"

"Ni. Kawo takardar in sa hannu."

Aka rubuta mata takardar gargaɗi, ta farko tun da ta fara aiki. A shekarar, da idara ta lissafa makarantun da suka yi tattali, babu sunan tamu, abin da bai taɓa faruwa ba tun ina firamare. Na ji malamai suna raɗa a matakala wai Abla Hafsa ta tsufa, ƙwaƙwalwa ta fara yoyo. Wata 'yar aji ɗaya ta bar fanka a kunne, Gwaggo ta yi mata magana, yarinyar ta ce, "Ke ma ai kin manta uku." Gwaggo ta kashe fankar ta wuce. Daga ranar ba ta ƙara tambayar wa ake sanyaya wa ba. Tana shiga, ta kashe, ta fita. Sunan Hajiya Tabawa ya ɓace daga makarantar. Ni kuwa na jefa rimot ɗin a ƙasan akwatina, na ci gaba da cin abinci da ita a faranti ɗaya.

Ciwon ƙoda ya kwantar da ita a farkon zangon nan. Ko a asibiti ba ta canja ba. Na je da la'asar na tarar tana rigima da wata ma'aikaciyar jinya a kan fitila.

"Ga rana ta taga kyauta, me ya sa za ki kunna ta kuɗi?"

"Ya khala," in ji matar, wato gwaggo da Larabci, "zan nemi jijiya ne."

"Kawo hannunki in nuna miki, na san inda take."

Da matar ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara, Gwaggo ta bi ta da kallo kamar an jefar da jariri. "Sau ɗaya tak," ta ce da ni a hankali. "Inna, ki ga duniya."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ta rame har zoben azurfarta yana juyawa a yatsa. Baba ya fita salla, saura mu biyu.

"Gwaggo, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ɗakin taro. Ni na kunna. Ina da rimot."

Ba ta ko juyo ba. "Inna, a garin Jidda, a watan da ƙadangare ke neman inuwa, yarinya ɗaya ce tak take zuwa makaranta da rigar sanyi a jaka. Kin ɗauka makauniya ce ni?"

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara atishawa."

"To me ya sa kika ce ke ce?"

"Sun ce za su kori wadda ta yi. Shekara goma ana kashe miki kujera da littafi da alƙalami. In bari a zubar da duk wannan a kan na'ura ɗaya? Asara biyu ke nan. Me zan ce wa Hajiya Tabawa?"

Rabon da in ji sunan a bakinta an fi shekara. Ta maida numfashi, sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa: "Kuma sunan uwata ne a kanki. Ba za a kira shi a layin safe a ce ta yi ɓarna ba, ina tsaye."

Na kifa kai a gefen gadon. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ƙwanƙwasa mini kai da yatsa.

"Ya isa, kina jiƙa zanen gwamnati. Ina gawar?"

Da ma na zo da rimot ɗin a jaka. Na miƙa mata. Ta juya shi, ta buɗe bayan, ta zaro batir biyun, ta ɗan taɓa ɗaya a harshe.

"Waɗannan suna da rai. A sa a agogon sito." Ta mayar mini da ƙwaryar. "Wannan kuma naki ne. Ni ban ce ki kai ba, ban ce ki ɓoye ba. Kin girma."

Kwana huɗu bayan nan, ranar Juma'a da hantsi, Baba ya shigo gida da buhun a hannunsa, shi kaɗai. Ya jingina shi a bango inda take jingina shi. Da maza suka ɗauke ta bayan an yi mata sutura, ina tsaye a bayan labule, abin da ya zo mini a rai shi ne dokar sitonta. Mun bayar, kuma babu kantar da za a ɗauko mana wata. Na yi istigfari, amma tunanin bai tafi ba.

Rana ta biyu ta zaman makoki Hajiya Tabawa ta zo tana dogara sanda, da ƙullin gyaɗa a leda na sadaka. Ta zauna kusa da ni. Ban san lokacin da na fara ba ta labari ba: famfo, takarda, labule, ruwan Ammariyya, da yadda ake tsoron sunanta a makarantar da ba ta taɓa shiga ba. Tsohuwa ta saki baki.

"Ni? Ni Tabawa? Ashe makaranta gare ni ban sani ba?"

Matan da ke ɗakin suka fashe da dariya, har da masu hawaye a fuska. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ja gefen mayafi ta goge ido.

"Shekara da shekaru muna gaisawa a ƙofar baƙala, ba ta taɓa faɗa mini ba. Ni da ko 'ya'yan cikina ba su tsare mini riyal ɗaya ba."

In mai riƙe da sito ta rasu, idara kan turo lajna, kwamitin mata uku, su ƙirga kaya, su rufe fayil ɗinta, su rubuta ko ta fita da haƙƙin jama'a a wuyanta ko ta fita fes. Na ji za su zo ranar Talata. Da safen na sami Baba yana shan shayi, na ajiye rimot ɗin a gabansa, na faɗa masa komai. Ya ajiye kofin.

"Kin bar yayata ta sha wannan shekara guda?"

"E, Baba."

"Saura wata nawa ki gama sakandare?"

"Huɗu. Za su iya korata."

"Za su iya." Ya tura mini rimot ɗin. "Ɗauki. Ni zan kai ki."

Lajna ta wuni a sito. Ni ina zaune a benci a waje, ƙofa a buɗe, ina jin su. Takarda daidai. Sabulu daidai. Da suka zo kan kujeru suka ƙirga sau uku, don sun fi na rubuce yawa da goma sha ɗaya. Shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce wa mudira, "Na ga sito da ya rame, na ga wanda ya ɓace gaba ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya haihu ba." Mudira ta nuna mata maƙabarta, ta yi mata bayani.

Sai na ji an buɗe fayil. "Komai fes," in ji mai tabarau. "Sai wannan guda ɗaya. Sakaci, na'ura ta ƙone. Kaito, a ƙarshen aiki. Dole mu ambata."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Na shiga ba sallama, na ajiye ƙwaryar rimot a kan teburin Gwaggo.

"Na kawo gawa."

Mudira ce kaɗai ta gane, ta dafe baki. Na faɗa musu da Larabci, daga riyal sha biyar har kwana goma sha shida. Ban rage ba, kuma a karo na farko a rayuwata ban ƙara gishiri ba. Mai tabarau ta dube ni ta saman gilashi.

"Kin san abin da zai iya biyo baya?"

"Na sani."

"Ita ta san ke ce?"

"Ta sani tun farko."

Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce ba a cire takarda daga fayil, amma ana ɗora wata a kanta. Ta rubuta da hannunta cewa Hafsa ba ta yi sakaci ba, ta rufa wa ɗaliba asiri ne, kuma ta bar aiki babu ƙwayar haƙƙin kowa a wuyanta. Su uku suka sa hannu, mudira ta sa, ni ma aka ce in sa. Da zan ɗauki biro a teburin, sai na ga duk na Gwaggo ne, kowanne an naɗe shi da salatif. Na farko ya ƙi rubutu. Na girgiza shi a kunne, ya kama.

Ba a kore ni ba. An tura ni gida sati ɗaya, an karanta laifina a layin safe da cikakken sunana, sunan da ta yi ta karewa. Na tsaya na ji shi har ƙarshe. Baba ya biya kuɗin injin, ni kuma na san ba zan ga sabuwar abaya ba sai na yi furfura. Ranar da na koma, mudira ta kira ni ofis. Buhun yana kan teburinta, Baba ya mayar musu.

"Kafin a turo sabuwar mai sito," ta ce, "wani zai riƙa zagaye bayan an tashi. Na duba duk makarantar, babu wadda ta san na'urorin nan kamar ke."

Yanzu ni ke ɗauke da shi. Yana da nauyi fiye da yadda yake a ido. 'Yan aji ɗaya suna bina a baya suna "Ɗaffi ƙarama", 'yan ajinmu kuma sun daina kawo cakulan, maciya amana. Jiya na tsinci kaina a ƙofar aji na biyar, kai a karkace, yatsa a sama. Na'ura tana ƙugi, babu kowa a ciki. Na buɗe baki zan tambayi wa ake sanyaya wa, muryar ta ƙi fita. Na kashe kawai, na tsaya cikin shirun, ina jiran tas-tas a matakala.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hansatu. Ta tsare abin mutanen da ba su san tana tsare musu ba, ta tsare ni da ban cancanta ba. Ya Allah ka yafe mata, ka yafe mini shekarar da na sa ta yi shiru. Ka sanyaya makwancinta, ka haskaka kabarinta, sanyi da hasken da babu fatura a kansu, kuma ka bar mata su a kunne. Amin.